Biro a Tudun Hatsi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina dako a Tudun Hatsi.
Wuyana na bambance masara da wake
ko idona a rufe.
Bappa Gidado ke riƙe da littafi a lokacin.
Bai taɓa kiran sunana ba.
"Kai, mai jar hula!"
ko ranar da kaina ba hula.

Kasuwa tsani ce, kowa ya san matakinsa.
Alhaji Manu na cikin mota, gilashi a rufe,
dillali ya rusuna wa gilashin,
ya juyo ya daka wa mai awo tsawa,
mai awo ya harari mai ɗinki,
mai ɗinki ya nuna mu da basilla.
Mu kuma in buhu ya tsiyaye
sai mu kori Goggo Adda da tsintsiyarta,
ita ta kori tattabaru.
Ban taɓa bin tattabaru in ga wa suke kora ba.

Na sha rantsuwa a inuwar tirela,
ƙosai a hannu, gumi na sauka cikin yaji:
in littafin nan ya faɗo hannuna
kowa zai ji sunansa da na ubansa,
ba mai yin lodi uku a rubuta masa biyu.

Bayan sallar layya ƙafar Bappa ta kumbura.
Aka miƙo mini littafin
da biro mai taunannen murfi.
Na ɗinka riga mai aljihu
don biron ya samu wurin zama.

Satin farko na ci ƙosai tare da su.
Na biyu aka kawo mini benci.
Na uku wani ya goge bencin da hularsa.
Na ce ya bari,
amma a hankali na faɗa, yadda ba zai ji ba.

Zaƙin abin ba a kuɗi yake ba.
Yana cikin shirun da ke sauka in na iso,
dariya ta tsaya a rabi
kamar injin niƙa an ɗauke masa wuta.

Wata Laraba Alhaji ya sauke gilashi faɗin yatsa biyu.
Mota ta makara, in ji shi,
ya ce mini yaro, da furfurata.
Na ce ranka ya daɗe.
Na ɗauko kalmar kamar garwashi a tafin hannu,
na ratsa layin gero ina neman inda zan ajiye.

Babayo, ɗan Dukku, na zaune kan gammonsa
yana cire tsakuwa daga tsagar diddige.
"Kai, mai yagaggen wando!"
Na san sunansa.
Ni nake rubuta shi kowace safiya.
Muryar da ta fito ba tawa ba ce,
amma da haƙorana ta bi.
Na soke masa lodi ɗaya.
Hannuna ya huce.

Da magariba na je Bolari duba Bappa.
Zaure ba takalmin kowa.
Yana kan tabarma, ƙafar a kan matashi,
ƙuda na yi masa abin da ba mu isa mu yi ba.
Bai dubi fuskata ba, aljihuna ya duba,
ya yunƙura zai tashi zaune.
"Sannu da zuwa, Malam Hammadu."

Ashe ya sani.
Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da sunana
kamar canjin da ya ƙi bayarwa.

Da safe na mayar wa Babayo lodinsa a littafi,
ban faɗa masa ba.
Ya zo ya cire hularsa, ya sunkuya kan bencin.
Na buɗe baki.
Tirela ta yi hon a bakin ƙofa,
na tsaya ina jira ya gama gogewa.