Leda ta Goma Sha Ɗaya

Lambata tana cikin wayar Sahabi,
mai gwajin jini a asibitin Aliero.
Bai rubuta Arzika ba.
Ya rubuta: mai jinin da ke shiga kowa.

Ledar farko ta wata mai haihuwa ce.
Ban ga fuskarta ba,
sai takalmin mijinta, wari ɗaya, a bakin ƙofa.
Ta biyu, yaron da mota ta kaɗe a hanyar Jega.
Daga nan na bar ƙirga.
A ba ni madara gwangwani ɗaya,
in naɗe hannun riga in koma kasuwa.

An ce a bar wata uku tsakani.
To wa zai leƙa ɗakin haihuwa
ya ce wa mai zubar jini ta jira wata uku?

Bana buhun albasa ya fi ƙarfina.
Ni da nake loda tirela ina zolayar direba,
yanzu taku bakwai
sai kalangu ya tashi a kunnena,
ƙasa ta karkace.
Farcena ya lotsa kamar cokali.
Ina tauna ƙanƙara tun da asuba,
ina satar farar ƙasa kamar mai ciki.
Kulu ta gani, ta yi dariya,
sannan ta daina.

Malamar asibiti ta ja fatar idona ƙasa.
Ta ce, fari fat,
kamar cikin albasar da kake dako.
Ta ce, jini ma da ƙarfensa yake tafiya,
kowace leda ta fita da nata rabon,
kai kuwa ba ka mayar ba.
Rijiya in an matsa mata da ja,
laka guga zai kwaso.

Ta rubuta jajayen ƙwayoyi.
Hanta, zogale, wake, alayyafo.
Ta ja layi biyu a ƙarƙashin: wata shida.

Jiya ƙarfe biyun dare wayar ta yi ƙara.
Na san mai kira.
Na zauna bakin gado
ina shafa tabon allura a gwiwar hannuna
har ta katse.

Sai na lalubi takalmi,
na bi gidajen 'yan dako ina buga ƙyaure:
Nomau, Jatau, ku tashi,
ku zo a gwada naku.