Almakashi a Aljihu

Uwata har yau takan tambaye ni:
"Likita ce ke, Maribel?" In ce a'a.
"To, nas?" In ce a'a, Mama.
Sai ta koma kan tukunyar wakenta,
shekara shida ina karatu
ta rasa sunan da za ta faɗa wa maƙwabta.

Ni ce mai buɗe ɗakin bayan fili
a makarantar nan ta gefen Gallup,
tun rana ba ta sauka kan jajayen duwatsu ba.
Ƙanƙara buhu huɗu, filasta kwali guda,
idon sawu talatin a jere kan benci,
kowanne na san shi fiye da fuskar mai shi:
wannan ya gurɗe bara,
wancan ƙarya yake, gudun atisaye yake yi.

An ce mai ɗaki ya san inda yake yoyo.
Ban da ɗan shekara sha bakwai.
Shi rufin zai faɗo masa a ka,
ya ce miki, "Lafiya lau, mayar da ni."

Daren Juma'a, saura minti bakwai,
Dalton Tsosie ya yi karo, ya miƙe,
ya nufi layin abokan hamayya.
Na riƙo hannunsa.
"Lissafo mini watanni daga ƙarshe."
"Disamba. Nuwamba. Oktoba."
Shiru.
Ya dube ni kamar ni na ɓoye Satumba.

Na ɗauke hular kwanonsa, na zauna a kai.
Koci ya zo, jijiyar wuyansa a tashe.
Ubansa daga kan katanga
ya kira ni da sunan da ba na maimaitawa.
Akwai mai neman 'yan wasa daga jami'a
a layi na uku, da littafinsa a buɗe.
Na gan shi. Ban tashi ba.

An ci mu da maki uku.

Ba wanda ya san gwiwata ta hagu
tana faɗa mini ruwa kafin ya zo.
Ranar da ta tsinke, ina sha shida,
babu kowa a bakin layi da almakashi a aljihu,
sai mai cewa, "Taka ta, za ta saki."
Na taka.

Mako biyu yaron bai gaishe ni ba.
Na ajiye shi a inuwa, na hana shi waya,
tafiya tukuna, sai keke, sai sassarfa.
Ran Talata ya leƙo ɗakin,
ya ɗora ƙafa kan benci, yana kallon bango.
"Satumba," ya ce. "Agusta. Yuli."

Na yago filasta da haƙori.
"Ɗaga diddigen," na ce. "Akwai mutane a bayanka."