Eriya a Bolari

Ranar da saƙo ya shigo wayata
cewa an sake ƙara kuɗin wata,
ina bakin shago, allura a baki,
ina haɗa wuyan rigar wani da ko kafin alƙalami bai bayar ba.
Na ɗauki alli na lissafa a kan teburin yanka:
tiya huɗu ta masara,
ko rabin kuɗin makarantar Ummita,
ko kuwa tashoshi ɗari da ɗoriya
waɗanda uku kacal muke taɓawa,
ta ƙwallo, ta Indiyawa masu kuka da Hausa,
sai wadda zaki ke bin barewa kullum bai gaji ba.

Na ce, iya ruwa fid da kai.

Babayo ya hau rufi da sufana.
Shekara tara farantin nan na kallon sama
kamar mai jiran baƙon da bai faɗi rana ba.
Noti ya yi tsatsa, sai da muka shayar da shi man keke.
Da ya sauko, Goggo Dudu ta zagaya shi sau biyu,
ta ƙwanƙwasa, ta ce a kai mata bayan ɗaki.
Yau kuɓewa ake shanyawa a ciki.
Ta ce tun da aka kafa shi sai yanzu ya kama sana'a.

Eriyar a tsohuwar kasuwa na saye ta,
ƙayar kifi ce ta ƙarfe,
muka ɗaure ta a kan gora da robar taya.
Babayo a sama yana juyawa, ni a taga ina ihu:
Dama kaɗan! Ka wuce! Dawo!
Hoton ya zo kamar ana sheƙar gero,
can sai mutum ya fito daga cikin ƙaiƙayi,
da hularsa, yana sallama.
Tsaya nan. Ko numfashi kada ka yi.

Yara suka ce Baba ya mai da mu zamanin da.
Suka koma waya, wai can akwai komai,
fim a tafin hannu, kai dai zuba data.
Watan farko na yi murna har na sayo tsire.
A na biyu na gane data gara ce,
ba ka jin cinta sai ka jingina da azara.
Ɗari biyar yau, ɗari biyar jibi,
"Baba, ya tsaya daidai inda za a kama ɓarawon."
Na kafa doka: fim sai daren Juma'a,
waya ɗaya, kowa ya matso.
Mu bakwai a kan allon da bai fi sabulu ba,
kai na gugar kai,
Ummita na ƙorafin albasar bakin yayanta.

Akwai abin da allina bai lissafa ba.
Daren Talata, tashar jiha, bayan labarai,
mai sanarwa ya karanto sunan Malam Gidado Kwami,
wanda ya koya mini riƙon almakashi.
Gobe addu'ar uku a Herwagana.
Shekara tara ina sanin wanda ya gurɗe a gwiwa a Turai,
har da ranar da zai dawo fili,
ban san maigidana na kwance ba,
nisan da ɗan acaɓa ba zai ma ja ciniki ba.
Na je da sassafe. Na zauna a tabarmar baya.
Ɗansa bai gane ni ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Yanzu Babayo na karatu a Kashere.
In hadari ya taso daga wajen Liji
gorar kan karkata, mutanen su koma ƙaiƙayi.
Ni nake hawa, da gwiwoyin nan nawa.
Goggo Dudu ce a taga.
Idonta ya yi yana tun bara,
ban tabbata tana ganin komai ba,
amma in ta ce dama kaɗan,
sai in juya dama kaɗan.