Ɗan Magini a Skara Brae

Ran Lahadi Erlend Moar ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa
daga Stromness, inda nake zuba kankare a bakin ruwa.
Ya ce, "Zo ka gaida waɗanda suka riga mu sana'a."

Iska na marin kunne, teku na gurnani kamar an taɓa mata ɗa.
Na leƙa ƙasa. Ɗakuna ne a binne har wuya.
Shekara dubu biyar, in ji shi.
Yashi ya haɗiye su, wata guguwa ta sa ya amayar.

Ba siminti a tsakani.
Falalen dutse kwance bisa falale,
na sama ya danne mahaɗar biyu na ƙasa
yadda dattijo ke raba faɗa, ya zauna a tsakiya.
Murhu a cibiyar ɗaki, gadon dutse dama da hagu,
ga kanta tana kallon ƙofa.
Na rantse wata ta yi jere a nan,
ta ja baya, ta karkata kai, ta sake gyara tukunya.

Erlend ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara.
Ya ce tsibirin nan rowar itace gare shi,
sai abin da teku ta ga dama ta turo.
Amma dutsen yana tsagewa da kansa, shafi-shafi.
Suka haƙa cikin jujinsu, toka da ƙashi da ɓawon katantanwa,
suka jingina bango da shi.
Abin da suka zubar jiya shi ya zama bargonsu.

Sai ga Baba Cindo a idona,
wando a naɗe, yana taka kwaɓi da ciyawa tun asuba,
tubali jere a rana kamar 'yan makaranta.
Yana bisa katanga, ƙafa ɗaya nan ɗaya can,
ina jefa masa, yana cafewa bai ko duba ba.
Azara daga giginya, makuba daga ɗorawa,
ɗaurin guga da ya lanƙwasa har baƙi ke ɗaga kai su manta gaisuwa.
Ni na ce masa ba zan tsufa da laka a farce ba.
Bai ce komai ba. Ya miƙo hannu, na jefa na gaba.

"Rufin fa?" na tambaya.
Erlend ya ɗaga kafaɗa. Wataƙila haƙarƙarin babban kifi,
wataƙila fata da ciyawa. Ba wanda ya sani.
Ban gaya masa soron Baba ya zauna ba,
damina ta huɗu bayan jana'iza,
don babu wanda ya hau ya yi yaɓe.
Indararo ɗaya aka tsinta.

Da yamma muka tsaya a gonarsa,
inda tumaki suka ture wani gefen shinge.
Ya ɗora min dutse a tafi, sanyinsa har ƙashi.
"Wanda ka ɗauka ba ya komawa ƙasa," ya ce. "Nemo masa gurbi."
Na juya shi, ya ƙi.
Na sake juyawa, ya yi rawa.
A ta uku ya zauna, ɗas,
ban san lokacin da hannuna ya miƙa baya ba,
yana jiran a jefo na gaba.