Kwalba Mai Mutum Goma

Tun ladan bai gyara murya ba
na ɗaure akwatin a bayan moto
da tsohuwar robar taya, zagaye uku.
Malama Sahura ta ƙirga kwalabe a gabana,
ta ce, Harisu, ƙanƙara ba ta jin uzuri.

An ce daga bayan teku suka taso,
suka kwana a jirgi, suka kwana a Yamai,
babbar mota ta sauke su Maraɗi,
ba wanda ya bari rana ta gan su.
Hannu nawa suka ratsa? Ban san ko ɗaya ba.
Nawa ne na ƙarshe,
mai kanta, mai warin isansi.

Ita kuwa cuta ba ta biyan kuɗin mota.
Ba ta tsayawa Ɗan Isa ta nuna takarda.
A goye take zuwa suna,
ta ci kasuwa, ta kwana a zauren baƙi.
Bara ƙyanda ta shiga Garin Nomau da rani,
ta fita da yara uku.
Ɗayan na san shi, yakan bi ni da gudu
yana kwaikwayon kukan moto.

Gulbi ya kawo cikin dare.
Na jingine moton, na naɗe wando,
akwatin a ka, ruwa iya ƙirji,
Malama a baya riƙe da takalmanta
tana salati, tana ce mini kar ka karkata.

A gindin gawo muka buɗe.
Kwalba ɗaya ta mutum goma ce,
in an fasa ta, awa shida ke gare ta a duniya.
Tara suka zo. Tara suka yi kuka,
aka ba su nono, suka manta.
Saura ɗigo na mutum ɗaya a ƙasan kwalba,
inuwa kuma tana janye jiki.

Tsohuwa Kuluwa ta ce, akwai ɗan Tsahara.
Tana gona. Akuya ta cinye katin yaron,
kunya ta hana ta zuwa hannu sake.

Na bi kunyar gero da ƙafa,
na same ta a duƙe, yaron na barci a zane.
Na ce, ba kati muka zo yi wa allura ba.
Ta yi dariya, ta share hannu a zani, ta biyo ni.
Lawali sunansa. Bai ma yi kuka ba,
kallon allurar ya yi kamar ya san inda ta fito.

Da la'asar ƙanƙara ta zama ruwa.
Akwatin ya yi sakayau,
wuyana ne bai yarda ba.
Malama na rubuta goma cikin littafi,
wani can nesa zai tara ta da miliyan,
ba zai ji labarin akuya ba.

Gobe Gabi, in gulbi ya sauka.
In bai sauka ba, Gabi dai.