Jakar Mijin Mal-sun

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa tasi a Daegu,
bayana ya ɗauki siffar kujera,
wuyana ya san madubi, ya manta sama.
Likita ya naɗa min abin awo a dantse,
ya dubi lamba, ya dube ni,
ya ce, "Bong-su, jininka na gudu,
kai kuwa kana zaune."

Tun da Ok-ja ta rasu barci ya yi min yaji.
Ƙarfe uku na dare ina sauraron gurnanin firij,
silifas ɗinta na nan bakin ƙofa
kamar wanka ta shiga.

Mal-sun mai busasshen kifi a ƙasan benenmu,
shekara saba'in da huɗu, ƙwauri kamar taɓarya,
ta jawo jakar goyon marigayi mijinta,
ta kakkaɓe, ta ce,
"Ciwon da zama ya kawo, ƙafa ke mai da shi.
Jirisan, ranar Talata.
Kar ka zo min da takalmin zuwa biki."

Kilo goma sha ɗaya:
shinkafa naɗe a ganyen teku, kokwamba huɗu,
ƙaramin risho, bargo, ruwa,
da kwalbar ƙwayoyina tana kacau-kacau a aljihu.

Ranar farko na zagi dutsen.
Na zagi Mal-sun a zuci,
na zagi tabar da na bari tun shekara takwas.
Ƙirji ya zama zugazugin maƙeri,
gumi ya shiga ido, gwiwa ta kai ƙara.
Ita tana gaba da sanduna biyu, ƙwas, ƙwas,
ba ta waiwaye
sai in za ta miƙo min rabin kokwamba.

Amma a bukkar matafiya,
cikin minsharin mutum arba'in,
kwance kan katako, kai bisa riga,
barci ya dawo ba biko.
Ya danne ni har gari ya waye.

Rana ta biyu ƙafa ta koyi lissafinta:
taki, numfashi, taki.
Tunanin da ke gatsa ta wata goma sha huɗu
ya rasa wurin tsugunawa,
don kai ya cika da tambaya ɗaya:
ina zan sa ƙafar hagu?
Na sha ruwan marmaro da ya sa haƙora rawa.
Na ji yunwa, yunwar gaske,
wadda rabona da ita tun ina soja.

A wata gangara sunan Ok-ja ya kuɓuce min da ƙarfi.
Na yi kuka ina tafiya.
Mal-sun ba ta ce uffan ba,
sauri kawai ta rage.

A nan ana cewa
sai kakanni sun jera aikin kirki har zuriya uku
kafin jika ya ga fitowar rana daga ƙololuwar Cheonwangbong.
Muka tashi cikin duhu, fitila a goshi,
muka rarrafa, muka isa.
Gajimare fari fat.
Ko yatsuna da ƙyar nake gani.
Mal-sun ta dube ni ta ce,
"Ashe kakanka ɓarawon kaji ne."

Na yi dariya har na zube kan dutse,
dariyar da ta warware wani ƙulli
da likita bai gani a hoto ba.

Wata biyar ke nan.
Lambar ta sauko, ba duka ba,
ƙwaya biyu ta koma ɗaya,
bel ya nemi sabon huji.
Silifas na ɗauke su na sa a akwati.
Jakar kuwa ban mayar ba,
ita ma ba ta tambaya ba.

In ka tsai da tasi a Daegu ranar Talata,
ba ni ba ne.