Shari'ar Ƙurungu

Da ruwa ya janye daga fadamar Auyo
ya bar kududdufai cike da marayu,
na ɗauki bokiti, Kuluwa ta riƙe rariya,
muka tsamo rabonmu:
kawara bakwai, sirara kamar aska,
karfasa biyu masu jan ƙirji,
ƙurungu ɗaya, sai wani ɗan tufi
da bai kai tsawon yatsana ba.

Akwatin gilashin na Nomau mai gyaran waya ne,
da zai koma Gumel ya bar min a bakin bashi.
Na ajiye shi a shago, tsakanin buhun sukari da sikeli,
na zuba yashi, na haɗa batir da ɗan injin kumfa.
Yara suka daina sayen alewa, sai kallo.

Kwana uku lafiya lau.
Ran na huɗu karfasa suka haƙa rami a kusurwa,
suka ce nan gidansu ne, har da ƙofar gida.
Duk wanda ya gifta, sai cizo a jela.
Na ce sababbin aure ne, a yi musu uzuri.

Da asuba na ƙirga kawara: shida.
Na murza ido, na sake: shida.
Ran kasuwa, biyar.

Wa zan tuhuma in ba ƙurungu ba?
Kifin da ke iyo a rigingine,
ga ƙaya a baya, ga gashin baki,
in ka taɓa shi ya yi maka gurnani
kamar tsohon da aka tasa daga barci.
Masu shan shayi duk sun ba da shaida,
ko da yake ba wanda ya gani.
Kuluwa kaɗai ta ce, Baba, shi fa gansakuka yake lasa.
Na ce rufe baki, me kika sani?
Na sa shi a kwano, na kai shi gada, na juye.
Ko waiwaye bai yi ba.

Washegari, huɗu.

Baba Cindo, da ya tsufa da koma a kafaɗa,
ya zo sayen ashana, ya tsaya, ya daɗe.
Bai dubi masu faɗan ba.
Ya ɗora yatsa can ƙasa,
inda tufi ke kwance kamar guntun kara,
ba motsi sai ido,
ciki ya taso kamar an ɗura masa fura.
Ya ce, mai hayaniya jela yake ci,
wannan da kai yake farawa.
Ya ce, a kogi ma ba ƙaunar juna suke ba,
wuri ne da faɗi,
kowa da kacallar da zai shige.
Kai ka tara su ɗaki ɗaya, ba ƙofa ba labule,
ka kunna musu fitila har sha biyun dare.
Ya biya kuɗin ashana, ya tafi.

Na fasa tsohuwar tukunya, na jera tsingaro,
na dasa bado, na rufe gefe ɗaya da kwali.
Tufi na mai da shi randa, shi kaɗai,
yana cin gara, yana girma, yana hararata.
Karfasa sun ƙyanƙyashe, 'ya'ya kamar tsaki,
uwa da uba na gadi, cizo bai ragu ba,
sai dai yanzu akwai wurin ɓuya.
Kawara huɗu na yawo a jere,
ko idona ne, ko suna barin gurbin uku.

Gilashin ya fara kore.
Ni ke goge shi da soso duk Juma'a,
Kuluwa na riƙe da kwano, ba ta cewa komai.

Jiya da muka bi ta gada
ta kama ƙarfe, ta leƙa ruwa, ta daɗe.
Ta ce, tunda a rigingine yake iyo, Baba,
ai yana ganinmu.

Na ce mu je, rana ta yi.